Jiniyar Nan Ba Ta Ado Ba Ce

Samari, bari in fara da tona wa kaina asiri kafin in taɓa kowa. Shekarun da nake yawo da babur, babu abin da ke faranta mini rai a cunkoson Kwangila kamar in jiyo jiniyar motar asibiti. Ba tausayi ba ne. Da ta keta motoci sai in manne mata a baya, mu biyar mu shida, kamar 'yan rakiyar amarya, mu sha hanyar da aka buɗe mata. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina wane ne kwance a ciki ba.

Ranar da na shiga ciki ita ce ranar da mota ta buge ƙanena. An fara kai shi wani ƙaramin asibiti, suka duba suka ce abin ya fi ƙarfinsu, a wuce da shi babba. Aka sa shi a mota, ni ma na faɗa. Wurin ya fi yadda nake zato ƙunci: gado ɗaya, benci, tukunyar oksijin ɗaure a gefe, ledar ƙarin ruwa tana lilo a sama. Wata nas, wadda a haife ta haife ni, ta durƙusa a kan gwiwoyinta, hannu ɗaya ya danne masa cinya inda jini ke zuba, ɗayan yana wuyan hannunsa tana jin bugun jini. Duk ramin da muka faɗa sai kafaɗarta ta bugi ƙarfen gado, amma hannun nan bai ɗaga ba. Na fara kuka, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ɗana, ba yanzu ba. Riƙe ledar nan sama, ka riƙa kiran sunansa." Na ce, "To, Mama."

Can muka tsaya cik. Direban, dattijo mai furfura a gemu, ya leƙa ta taga yana roƙon wani mai Keke Napep da ya tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyar titi: "Don Allah yaro, ɗan matsa, rai ne a ciki." Da muka samu muka wuce na waiwaya ta gilashin baya. Ga wani saurayi a kan babur, ya manne mana, yana dariya yana yi wa abokinsa hannu ya biyo. Na kalle shi na ga kaina. Da direban nan ya taka birki da ƙarfi, da majinyata biyu za mu kai.

Ƙanena ya rayu, alhamdulillahi, yana ɗan ɗingishi har yau. Amma tun ranar nake jin nauyin wani bashi.

A Zariya ba mu da rowar yabo. Kusan kowace Asabar akwai ɗakin taron da ake rabon lambar yabo, daga Sabon Gari har Samaru: gwarzon shekara, jagoran matasa, garkuwan kaza. Mun kuma san yadda ake zaɓen wasu, sai wanda zai iya sa hannu a aljihu bayan an karanta tarihinsa. To, ku gaya mini, a cikin tarukan nan sau nawa kuka ga an kira direban motar asibiti, ko nas ɗin da ke kwana a sashen gaggawa, ko mai tura gado, an ce ya hau mumbari? Wanda ya wanke jinin ɗan'uwanka daga ƙasan mota da asuba, don motar ta kasance a shirye kafin kira na gaba, ko sunansa ba ka tambaya ba. Malamanmu kuwa tun muna allo suke karanta mana cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma ayar Suratul Ma'ida a fili take: wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya.

Ku tuna Juma'ar 11 ga Agusta, 2023, da wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, masallacin da Babban Gwani Mika'ilu ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarim. Kowa ya ga hotunan manyan da suka zo jaje. Waɗanda suka tona ƙasa da hannu, da waɗanda suka yi ta jigilar mutane zuwa asibiti, da ma'aikatan da suka karɓe su har dare ya raba, su wa ya riƙe fuskarsu? Ni dai ban riƙe ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Aikin nan ba baƙo ba ne a wurinmu balle a ce na 'yan boko ne. Rufaida Al-Aslamiyya tanti gare ta a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma can Annabi (SAW) ya sa aka kai Sa'ad bin Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Khandak. 'Yan agajin da muke gani a filin Idi da hawan Sallah, na Jama'atu da na Fityanu da na Izala, da 'yan Red Cross, kan wannan turba suke, yawancinsu ba albashi, kakin ma da kuɗinsu suke ɗinkawa. Mu kuwa sai mu riƙa yi musu ba'a, wai sojan da ba bindiga.

Yanzu ga inda nasihar take. Karramawar da mutanen nan suka fi bukata daga gare mu ba a ɗakin taro take farawa ba, a kan kwalta take. In numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa ba ta wuce minti huɗu zuwa shida kafin ta fara lalacewa. Minti biyun da ka cinye kana cinikin naira hamsin da fasinja a Ƙofar Doka, daga cikin waɗannan ka ɗiba. Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa: ai wasu ba kowa a ciki, sauri kawai suke yi. To, motar da za ta je ɗauko mutum dama da wa za ta tafi? Kuma ko da an taɓa yaudararka sau ɗaya, asararka daƙiƙa goma ce. In kuwa kai ne ka yi kuskure, asarar wani gida ba ta da ranar biya.

Sai maganar waya, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Hatsari ya faru a hanyar Kaduna ko ta Kano, kafin ƙura ta lafa mutum talatin sun kewaye, kowa ya ɗaga waya. Uwa tana zaune a gida sai ta ga ɗanta cikin jini a Facebook kafin kowa ya zo mata da magana mai taushi. Wayar nan da ke hannunka, 122 za ka danna ka sami Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ko 112, lambar gaggawa ta ƙasa, kuma duk kyauta ne. Ka faɗi wurin da kyau, da alamar da ke kusa, da yawan mutanen da suka ji ciwo. Kafin su iso, in jini na zuba, ka naɗe tsumma mai tsabta ka danne da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Kada a fizgo mutum ta hannu ko ta wuya, don mai karayar ƙashin baya ɗauka ɗaya ta ganganci kan kwantar da shi har abada, sai fa in wuta ce ke shirin tashi. Kada a ɗura masa ruwa, duk da na san tausayi ke sa mu, domin yana iya shaƙe shi, kuma wataƙila tiyata ke jiransa. In ma'aikata sun iso, a ja da baya. Ba lokacin nuna musu aikinsu ba ne.

Masu tsoron a riƙe su a ce su suka yi, ku san doka ta motsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai wata shida. Ta 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, ta ce kada a wulaƙanta wanda ya kawo shi.

Wani abu kuma da ke sa ni sunkuyar da kai: yadda muke huce baƙin cikinmu a kansu. An yi iya yi, Allah Ya karɓi abinsa, sai ka ga matasa sun shaƙe wuyan rigar nas, wai sakaci. Sakaci yana faruwa, ban musa ba, kuma akwai hanyar kai ƙara. Amma wanda ya kwana a tsaye kan ɗan'uwanka, ba shi ya hana mota mai ba, ba shi ya haƙa ramukan titi ba. In zuciyarka na tafasa kana neman abin yi, je ka ba da jini leda ɗaya. Namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata uku.

Ku masu ƙungiyoyin unguwa da na tsofaffin ɗalibai, in za ku yi taron bana, ku je Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Gambo Sawaba ko na Wusasa, ku tambayi ma'aikatan kansu wa suke gani ya fi kowa tsayuwa a sashen gaggawa. Su sun san junansu. Ku kira shi da iyalinsa, ku zaunar da shi a kujerar gaba, ba can baya kusa da masu rabon lemo ba.

Ni sai bayan wata biyu na koma neman mutanena. Nas ɗin ba ta bakin aiki ranar. Direban na same shi ƙarƙashin dalbejiya yana shan shayi, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa 'yar shaddar da na sayo, na tuna masa ranar. Ya yi shiru yana dubana, ya ce, "Wallahi ɗana ban gane wanne ba ne, suna da yawa. Ya tashi dai?" Na ce ya tashi, Baba. Ya ce, "To, madalla." Bai rufe baki ba aka ƙwala masa kira daga ciki. Ya dire kofin a kan benci, ya cusa shaddar ƙarƙashin kujera, ya tada mota. Na tsaya ina jin jiniyar har ta ɓace wajen titi, shayin nan yana ta tururi.