Na'urar NMR ɗaya ta ishi jami'o'i da yawa, in akwai mai kula da ita

Ɗalibin ilimin sinadarai a Jami'ar André Salifou ta Damagaram zai iya haddace yadda ake karanta zanen NMR, wato na'urar da ke amfani da maganaɗisu wajen gano tsarin sinadari, amma karatun ba ya zama sai ya auna abin da ya haɗa da hannunsa. Babbar na'ura mai megahaz 400 kuwa ba sayenta ne kaɗai wahala ba. Maganaɗisunta yana jiƙe cikin ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, ana kuma ƙara mata ruwan naitirojin kusan kowane mako. Hiliyom ya ƙafe, maganaɗisu ya saki, tada shi sabon kashe kuɗi ne. A ganinmu a girka guda, ko a Yamai ko a Maraɗi ko nan Damagaram, sauran jami'o'i su riƙa shiga ta intanet.

Sai dai intanet ba ya ɗaukar kwalba. Samfurin da za a auna, mota zai bi, kuma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne. A aika shi busasshe, miligiram 5 zuwa 10, cikin ƙaramar kwalba mai lamba. Kada a narkar da shi tun daga nan, domin kulorofom, ruwan da ake narkar da shi a ciki, yana tafasa a digiri 61, zafin bazara a bayan mota zai iya ƙafar da shi. Can ma'aikacin ɗakin gwaji zai narkar da shi cikin mililita 0,6 na CDCl3, wato kulorofom na musamman don NMR, ya tace, ya zuba a bututu mai faɗin milimita 5. In ƙura ko ɗan garin da bai narke ba ya shiga, layukan zanen sai su baje su haɗe da juna. In bututun da danshi, layin ruwa zai fito wajen 1,56 ppm a ma'aunin zanen ya ruɗa ɗalibi. Wannan ma'aikaci shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma albashinsa ne aka fi mantawa da shi a kasafi.

Kada a dogara da sarrafa na'urar kai tsaye, layin intanet na iya yankewa ana tsakiyar aiki. Ɗalibi ya shigar da lambar samfurinsa, ya zaɓi gwajin, ya bi layi. Gwajin haidirojin mintoci kaɗan ne. A ba shi ɗanyen fayil ya gyara da kansa a kwamfuta. Hoton da aka gama gyarawa bai fi na littafi amfani ba.

Na'urorin UV da infrared, masu auna sinadari da haske, kam a saya a aje nan Damagaram, ba sa buƙatar hiliyom. Ɗalibi ya ɗiga man gyaɗa a kan lu'ulu'un ATR, inda ake ɗora samfuri a na'urar infrared, ya ga layin esta, nau'in sinadarin da ke cikin man, wajen 1745 a ma'aunin zanen, ya koyi goge shi kafin na gaba ya zo.

Kafin a sa hannu a yarjejeniya, a rubuta sa'o'in kowace jami'a, da wanda zai biya kuɗin CDCl3, da na baturan da za su riƙe na'urar in wuta ta ɗauke.