Wanda bai kamu da ciwo ba tukuna ba shi da wakili a majalisar Birtaniya

Har yau ana yabon 'yan majalisar jam'iyyar Leba da suka tilasta wa gwamnatin jam'iyyarsu ta Keir Starmer ja da baya kan ƙudurin rage tallafin naƙasassu a Yulin 2025, sai ka ce sun ci yaƙi. Wannan yabo yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin dokar da aka zartar ba ta cancanci tafi ba.

Gaskiya ne 'yan Leba sama da 120 sun sa hannu a yunƙurin kashe ƙudurin, har gwamnati ta jingine batun tsaurara sharuɗɗan tallafin PIP (kuɗin da ake bai wa naƙasassu don ɗawainiyar yau da kullum) sai minista Stephen Timms ya gama nazari. Amma da aka zo kaɗa ƙuri'a ranar 1 ga Yuli, 49 kacal suka tsaya a kan bakansu, ƙudurin ya tsallake da ƙuri'a 335 a kan 260. Me ya sanyaya sauran? An yi musu alkawarin ba za a taɓa masu karɓar kuɗi a yanzu ba. Sai aka juye nauyin a kan na baya: sabon mai nema daga Afrilun 2026, in ba mai ciwon ajali ko naƙasa mai tsanani ta har abada ba, kason rashin lafiyarsa na Universal Credit (tallafin marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi) ya faɗi daga fam 97 zuwa fam 50 a mako.

A nan lissafin ɗan siyasa yake. Mai karɓar tallafi a yau yana rubuta wa wakilinsa wasiƙa, yana zuwa ofishinsa, yana da ƙuri'a da 'yan uwa masu ƙuri'a. Direban da shanyewar ɓarin jiki za ta kwantar baɗi bai ma san da shi ake ba, balle ya yi ƙorafi. Mutum biyu, ciwo ɗaya, amma ɗaya ya karɓi kusan rabin na ɗan uwansa don kawai lalurarsa ta zo a makare. Wannan zalunci ne, kuma waɗanda suka ɗaga hannu sun sani.

Dabarar ma tsohuwa ce. A 2016 gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta zaftare kusan fam 30 a mako daga tallafin ESA na waɗanda rashin lafiya ya hana aiki, nan ma a kan sababbin masu nema daga Afrilun 2017. 'Yan Leba sun yi ta Allah-wadai a lokacin. Da mulki ya dawo hannunsu sai suka ɗauki wuƙar da aka ajiye.

Masu cewa kuɗin tallafi ya yi wa baitulmali yawa ba su taɓa nuna mana yadda rage wa majinyaci fam 47 ke warkar da shi ya koma aiki ba. Ƙiyasin gwamnatin da kanta ya nuna shirin farko zai jefa ƙarin mutum 250,000 cikin talauci, har da yara 50,000, amma ta kai shi majalisa. Daga baya kuma ta dakatar da 'yan majalisarta huɗu na wani lokaci, ciki har da Rachael Maskell, saboda bijire wa umarnin jam'iyya.

A daina raba marasa lafiya da ranar kalanda, kuma kada a sake kaɗa ƙuri'a kan abincin naƙasassu kafin a zauna da su a ji ta bakinsu.