Turawa sun gaza, in ji mai lasifika

To, na ga bidiyon. Ku daina turo mini shi don Allah, mutum bakwai suka turo tun asuba. Ni ba a waya na fara ganin bawan Allahn nan ba. Ranar Alhamis da idona na gan shi ya girke mota a hanyar Kasuwar Dole, ya ɗora lasifika biyu a kan rufi, yana rantse-rantse wai Turawa sun gaza a kan ciwon furostat, ɗan naman nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba su iya komai ba sai yanka, shi kuwa kwalbarsa ta jika 15 kwana bakwai take narkar da shi kamar man shanu a rana. Masha Allah. Ashe likitocin duniya wahalar banza suke sha. A sanar da mutanen Suwidin su kawo lambar Nobel Damagaram, mai ita yana nan kusa da masu lemu.

Shi ban damu da shi sosai ba, ɗan magori dama wasa kansa shi ne jarinsa. Layin da na gani a gabansa shi ya hana ni barci. Dattawa masu furfura, wasu har da rawani, kowa ya sunkuyar da kai, ya miƙa kuɗi a dunƙule, ya cusa kwalba cikin aljihun babbar riga kamar wanda ya saci kaza. Mutumin da yake jin nauyin gaya wa likita a ɗaki a rufe cewa fitsari na yi masa gardama, shi ne ya iya tsayawa tsakiyar kasuwa lasifika na kiran sunan al'aurarsa ɗaya bayan ɗaya. Wace irin kunya ce wannan?

Irin wannan kunyar ce ta cinye mini kawu, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu yana tashi sau biyar sau shida cikin dare, ka ji ƙarar buta, ka ji shiru mai tsawo a bayan gida. Matarsa ta sani, amma ina ta ga bakin faɗa? In na ce, “Kawu, anya lafiya kuwa?” sai ya ce, “Lafiya lau ɗana, sanyi ne, kuma tsufa ya zo.” Har ranar da fitsarin ya tsaya cak, muka ɗauke shi da tsakar dare yana gumi yana kiran sunan Allah, aka sa masa roba. A lokacin ma ya riga ya fara kukan ƙugu da ƙashin baya. Da sakamakon jini da hoto suka fito, likita ya ja ni gefe ya ce, “Malam, kun makara, abin ya shiga ƙashi.” Bayan sadakar bakwai muka zo share ɗakinsa, na leƙa ƙarƙashin gado. Kwalabe 11 na ƙirga, wasu da sauran jiƙo a ciki har ya yi funfuna. Kuɗinsu da ya ishe shi awon jini sau nawa.

Kun makara. Kalmar ke nan, kuma ita zan yi ta nanatawa har ku gaji da ni.

Tunda mai lasifika ya ce sun gaza, bari in karanto masa kaɗan daga cikin gazawar. Tun 1941 wani likita a Cikago, Charles Huggins, ya gano cewa dajin furostat da sinadarin mazantaka yake ƙiba, in ka datse masa shi sai ya lanƙwashe. Shi aka ba Nobel ɗin a 1966, yi haƙuri malam, an riga ka. Daga nan aka ɗora. A Landan aka ƙirƙiro ƙwayar abiraterone, Amurka ta amince da ita a 2011. A 2017 manyan bincike biyu, STAMPEDE da LATITUDE, suka nuna cewa in aka haɗa ta da allurar datse sinadarin tun farko, ba a jira ciwo ya gagara ba, haɗarin mutuwa na raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, kuma yanzu kamfanonin Indiya na yin ta da rangwame. A 2022 binciken ARASENS ya haɗa magani uku a lokaci guda, har da darolutamide, haɗarin mutuwa ya sake sauka da kashi 32.5 cikin 100. Akwai olaparib, tun 2020, ta waɗanda dajinsu ke da nasaba da lalacewar ƙwayar gado ta BRCA, wadda ke kawo sankarar mama a wasu dangi.

Wanda ya fi burge ni shi ne lutetium-177. Ruwa ne mai tururin nukiliya da ake sawa ta jijiya, yana bin jini yana neman wata alama da ke jikin ƙwayoyin dajin, ya manne musu ya ƙone su daga ciki. An gwada shi a kan maza 831 da sauran magunguna suka riga suka gaza a kansu. Waɗanda suka samu, tsaka-tsakin abin da suka ƙara yi a duniya wata 15.3 ne, waɗanda ba su samu ba wata 11.3. Ku duba da kyau. Mutanen da suka kashe dukiya da shekaru sun fito sun ce, jama'a, wata huɗu muka iya ƙarawa. Ba su ƙara ko kwana ɗaya a kai don talla ba. Namu na bakin kasuwa kuwa warkewa har abada yake sayarwa, kuma kwalbar guda ita ce ta basir, ita ce ta shawara, ita ce ta ƙarfin maza. Af, shi lutetium ɗin kafin kwana bakwai ma rabin ƙarfinsa ya tafi, dole a kai shi asibiti da gaggawa. Jiƙon malam kuwa tun bazarar bara yake shan rana a bayan mota, bai rage komai ba, don dama babu komai a ciki.

Batun “sai yanka” kuma ƙarya ce tsagwaronta. A Birtaniya an bi maza 1,643 da aka gano nasu tun bai fita daga inda ya tsiro ba. Wasu aka yi musu aiki, wasu aka gasa wurin da haske, wasu aka bar su ana sa ido kawai. Bayan shekara 15, a sakamakon da ya fito a 2023, kusan 97 cikin 100 wannan ciwon bai kashe su ba, ko wace hanya aka bi. Har gashin ma an rage masa wahala, binciken PACE-B ya nuna zama biyar na iya yin aikin da ake yi a zama 20 ko 39. Duk wanda ya taɓa kai majinyaci Yamai ya raɓa gidan dangi wata biyu ya san darajar wannan. Amma ku lura da sharaɗin: tun bai fita ba. Duk wannan alherin na wanda ya zo da wuri ne. Mu kuwa sai ƙashi ya fara ciwo muke neman kabu-kabu.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa, na haddace shi.

“Ai babu kuɗi.” Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada, kuma sababbin magungunan can da yawansu sun fi ƙarfin aljihunmu. To amma jika 15 ɗin kwalba daga sama ta faɗo? Awon jinin PSA, wanda ake fara duba furostat da shi, bai kai kuɗin shaddar sallah ba, kuma shaddar ba ta taɓa gagarar ka ba. Jinya mai tsada ai ita ce ta wanda ya makara.

“Yamai da nisa.” Eh, kusan kilomita 900 ne, na san hanyar, na san ciwon bayan da ke cikinta. Amma tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa ta fara gashi da haske a Yamai, abin da a da sai an bar ƙasa. Kuma awon farko ba ya buƙatar tasha, a nan garin ake fara shi. Don bikin ɗiyar aboki kana zuwa Yamai ka dawo ba ka ce da nisa ba.

“An ce maganin na kashe mazakuta.” Wani yana raunana ta, ba zan ɓoye muku ba, kuma likita zai gaya maka kafin ya taɓa ka. Sai dai kawuna da ya ƙi zuwa don gudun hakan, shekararsa ta ƙarshe da roba a jiki ya yi ta, ana juya shi a kan tabarma. Ban ga abin da ya tsira da shi ba.

“Likita zai sa yatsa.” Zai sa, da safar hannu, kafin ka gama jin haushi an gama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matanmu sau nawa ake duba su wurin awon ciki da haihuwa, wa ya ji sun kira taron dangi?

“Ƙaddara ce.” Wallahi ƙaddara ce, kuma Annabin da ya koya mana imani da ita, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Masu cewa makircin Turawa ne su je su tambayi Joe Biden, tsohon shugaban Amurka, wanda a watan Mayun 2025 aka sanar cewa nasa ya kai ƙashi. A Ingila lissafinsu ya nuna namiji ɗaya cikin takwas zai gamu da shi, amma a baƙar fata ɗaya cikin huɗu ne. Mu ya fi nema. Masana da mujallar Lancet ta tara sun ce daga miliyan 1.4 a 2020, masu kamuwa a shekara za su kai miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe irin namu ne za su fi jin jiki, saboda a makare muke zuwa.

Yanzu ba da gatse nake magana ba. Baba, Kawu, Yaya, don girman Allah. Yawancin wahalar fitsarin tsufa ba daji ba ce, kumburi ne kawai, kuma yana da ƙwayoyinsa. Shi dajin ma sau da yawa a farkonsa shiru yake yi, ba ya ciwo. Babu mai rarrabe maka su da ido ko da ɗanɗanon jiƙo. In ka kai 45 zuwa 50, musamman in mahaifinka ko ɗan'uwanka ya yi shi, ka je ka zauna da likita. Ko PSA ya hau ba shi ke nan an yanke maka hukunci ba, bincike ne zai ci gaba. Kada ka bari a ja ɗanka gefe a gaya masa abin da aka gaya mini.

Ku kuma samarin fada da kuke ta dariya kuna cewa ciwon tsofaffi ne, ku ajiye kofin shayi. Dajin maraina naku ne, ƴan shekara 15 zuwa 35 ya fi kamawa. Bai yawaita a baƙar fata kamar a Turawa ba, amma Sébastien Haller ɗan Kodebuwa ai kun san shi. Yulin 2022 aka gano masa yana ƙungiyar Dortmund, aka yi masa aiki, ya sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, Janairun 2023 ya koma fili, Fabrairun 2024 ya zura wa Najeriya ƙwallo ta biyu a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan. Da yawanku kun yi ihu a daren nan ba ku san da me ya tashi ba. Tun da wani likita a Amurka, Lawrence Einhorn, ya fara gwada maganin cisplatin a 1974, wannan ya shiga sahun dajin da aka fi warkarwa, kusan 95 cikin 100 na tsira. Binciken yanzu ma na yadda za a rage yawan kemo ne, da wani sabon awon jini, miR-371, mai saurin nuna shi. In ka ji ƙullutu mai tauri a ɗaya, ko ba ya zafi, kada ka ce ƙaba ce ko gwaiwa, je ka a yi maka hoton eko. Ko an cire ɗaya, ɗayan na iya riƙe gida. Wanda kuma aka haifa ɗayan bai sauko ba, ya fi kowa buƙatar lura.

Wani abu ma da ke ba ni haushi, ko sunan abin ba mu daidaita a kai ba. A rediyo sai ka ji ana cewa dajin mafitsara, alhali mafitsara jakar fitsari ce, furostat kuwa wani ɗan nama ne kamar goro a ƙarƙashinta, ya zagaye hanyar fitsari. Jiya a fada muka kusa raba dare, wani ya ce a kira shi goron maza, wani ya ce mahauta tabbas suna da sunansa a jikin rago. Malaman harshe na jami'armu, kuna ina? Ni dai gobe in na je sayen nama zan tambayi mahaucin unguwarmu, in bai jefe ni da ƙashi ba zan kawo muku amsa.