Yadda AI ya tona min asiri a gun mai gidan hayarmu

Ni ne malamin AI na majalisarmu, wato manhajojin nan da kake yi wa magana su ba ka amsa ko su yi maka rubutu kamar mutum, ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, da na ga ba wanda ya yi musu sai sarautar ta zauna daram. Abun ya samo asali ne tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, ranar 30 ga Nuwamba, aka ce cikin kwana 5 mutum miliyan ɗaya sun yi rajista, kafin wata biyu ana maganar miliyan 100, na ce kai, ba za a yi wannan babu ni ba. Lokacin ko manhajar waya ba shi da ita sai dai ka shiga ta burauza, haka zan zauna a teburin mai shayi ina sa shi yana rubuta wa mutane wasiƙar neman aiki suna cewa ikon Allah, ni kuma ina gyara zama ina gyara hula, ka rantse da ni aka ƙera shi.

To ashe farkon gasa ce. Google suka fito da Bard a 2023, shekara ta zagayo suka canza masa suna zuwa Gemini, na sauke. Microsoft suka kawo Copilot, na sauke. Aka ce akwai Claude ya iya rubutu mai tsabta, na sauke. Elon Musk ya kawo Grok wanda 'yan X ke kira ya raba musu gardama ko a kan ƙwallo ne, shi ma na ce bismillah. Na Meta kam bai ma jira an gayyace shi ba, a 2024 muka wayi gari kawai muka ga wani shuɗin zobe a WhatsApp ya samu guri ya zauna. Sai a Janairun 2025 'yan China suka sako DeepSeek, cikin 'yan kwanaki ya ture ChatGPT daga saman jerin manhajojin kyauta na wayar Apple a Amurka, har darajar hannun jarin Nvidia masu yin na'urorin da ake horar da su ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a rana ɗaya. Da na ba mai shayinmu wannan labari sai da ya ajiye kofi ya ce, biliyan ɗari shida, a wuni guda, kuma ba wanda aka kwantar a asibiti? Na ce ko ƙarin ruwa ban ji an yi wa wani ba. Ya ce lallai masu kuɗin can ba su san zafin nema ba.

Wayata kuwa ba wata babba ba ce, kullum tana kukan memori ya cika. Na fara goge gem ɗin yara, na zo na goge bidiyon bikin ƙanwata, ranar da na taɓa hotunan sunan autarmu ne uwargida ta kama ni. Ta karɓi wayar tana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta kalle ni ta ce yallaɓai ko mata ma huɗu aka halatta, kai ka tara sun fi haka kuma ba wadda ka biya wa sadaki. Kuma gaskiyarta ce, don ko kwabo ban taɓa biyan ɗaya ba. Na kuɗin a lokacin dala 20 ne a wata, in ka canza ya doshi naira dubu 30, ni da nake sayen data na gig ɗaya ina lallaɓa ta. Dabarata ita ce in wannan ya ce kasonka na yanzu ya ƙare sai bayan awa kaza, sai in tattara maganata in kai wa na gaba, shi ma in ya gaji in wuce gaba, har in zagayo na farko ya huce.

Shi ya sa nake dariya in na ji suna alfahari da yawan jama'a. A 2025 Mark Zuckerberg mai kamfanin Meta ya ce nasu ya kai mutum biliyan ɗaya a wata, Sam Altman shugaban masu ChatGPT ya ce nasu miliyan 800 a sati, Google suka ce Gemini miliyan 650 a wata, kowa na buga ƙirji. To ni dai na san ina cikin kowane lissafi, a wani gun ma sau biyu nake don imel biyu gare ni. Mutum ɗaya, jallabiya ɗaya, bashin mai shago a kansa, amma a can Kalifoniya an ƙirga ni an sake ƙirgawa an nuna wa masu zuba jari ana tafi. Kuma su ma sun san irinmu suke farauta, shi ya sa kowa ke sakin abun kyauta mai jan hankali, a Maris ɗin 2025 da aka yi yayin mayar da hoto katun irin na Japan Altman da bakinsa ya ce sun samu mutum miliyan ɗaya cikin awa guda, bayan 'yan watanni Gemini ya rama da nasa gyaran hoton har ya hau saman jeri. Ni duka na yi, akwai hotona da alkyabba a kan doki wanda har yau wata gwaggona ta ɗauka an min sarauta a ɓoye.

To a cikin wannan hali ne kuɗin haya ya zo.

Mai gidanmu wani dattijo ne ɗan kasuwar Kwari, ba shi da faɗa, ba shi da yawan magana, amma in ya kalle ka ta saman gilashi sai ka ji ka tuna duk bashin da ake binka har na firamare. Ina son ya ɗaga min ƙafa wata biyu, kuma ba na son zuwa gabansa don na san bakina zai mutu. Na ce ai ga ma'aikata nan cike da waya, me zai sa in wahala. Ba zan faɗi wanne ya yi me ba, kar magoya baya su taso min. Na farko ya rubuto wasiƙa doguwa har da "mai girma mai daraja", na ce wannan ai gwamna ake rubuta wa, Alhaji zai ɗauka zolayarsa nake. Na biyu ya rubuto layi uku a bushe, wanda in ka karanta sai ka ce ni ke binsa. Na kwashi na farkon na kai wa na uku na ce gyara min, ya fara da yaba min wai tunanina mai kyau ne, na ji daɗi, na ce ya sa maganar kuɗin makarantar yara da mashin ɗina da ya lalace, wanda tsakani da Allah taya ce kawai ta yi faci. Muna cikin tsara abu yana daɗi sai ya ce kasona ya ƙare. Na ja tsaki na koma na huɗu na sake ba shi labari tun daga tushe.

Kafin in samu wanda ya kwanta min ƙarfe ɗayan dare ta wuce, Nepa sun ɗauke, caji saura kaɗan, sauro na ta aikinsa, idona na rufewa. Na danna kwafi, na shiga WhatsApp, na liƙa, na tura wa Alhaji, na kwanta ina jin kaina wani gwani.

Bayan sallar asuba na kunna data sai ga boyis daga Alhaji. Kafin in saurara idona ya kai kan abin da na tura, gabana ya faɗi. A can sama an rubuta: "Tabbas! Ga saƙon da zai sa mai gidanka ya ji tausayinka ya ɗaga maka ƙafa." A can ƙasa kuma, bayan duk magiyar da addu'o'in, an rufe da: "Idan kana so zan iya rubuta wani wanda ya fi wannan ban tausayi, ko in ƙara maganar rashin lafiya." Alamar an karanta kuwa shuɗiya shar, tun kafin kiran sallar farko. Na danna boyis ɗin hannuna na rawa, muryar Alhaji a natse ba ko alamar fushi: "Salamu alaikum Malam, an tashi lafiya, ya iyali? Na ga saƙo. To ai ya ce zai iya wanda ya fi ban tausayi, a ce masa ya rubuto, da na rashin lafiyar ma, sai mu duba duka mu zaɓa."

Uwargida da ke soya ƙosai ta ji komai, sai da ta sauke kaskon don kar mai ya zubo mata saboda dariya, tana cewa yau sadakin da ba a biya ba ya fito. Na ce ki bari dan Allah ana cikin musiba. Na koma gun ma'aikatana na zayyana musu abin da ya faru ina neman mafita, kuma abun haushi, waɗannan da kamfanoninsu ke kashe biliyoyi don su doke juna, a kaina dai bakinsu ya zo ɗaya, kowanne cewa yake ka je ka faɗi gaskiya ka ba shi haƙuri. Wannan shawarar ai ko yaron mai shayi zai ba ni ba tare da na ƙona data ba.

Na wuni ina kauce wa layin gidan Alhaji. Wajen la'asar sai ga saƙo a rubuce daga gare shi, na yi mamaki don Alhaji ba ya taifin, boyis kawai ya sani. Saƙo ne tsararre, da kanun magana mai kauri, da na ɗaya na biyu na uku, ana tuna min muhimmancin cika alkawari da haƙƙin da ke tsakanin mai gida da ɗan haya. Ina ta karantawa ina gumi har na kai ƙarshe, sai na ga an rubuta: "Kana so in sa shi ya ɗan fi zafi, ko a bar shi a haka?"

Na miƙe zaune. Na sake karantawa. Alhaji ma?! Mutumin da har yanzu lissafin shagonsa a littafi mai bangon kwali yake yi? Ban san lokacin da na rubuta masa ba: "Alhaji dan girman Allah a bar shi a haka."

Bayan magariba na je na same shi a zaure kan darduma, na durƙusa na ce ranka ya daɗe na zo ban haƙuri. Ya dube ni ta saman gilashin nan, sai kawai ya fashe da dariya har yana tari, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Ashe autansa ne ya koya masa, ba ya ma rubutu, magana kawai yake yi masa ya tsara, kuma ya ce tun da ya samu wannan yaro ya daina biyan kowa kuɗin rubuta takarda. Ya tambaye ni nawa nake biyan nawa, na ce kyauta, ya ce nasa ma kyauta, ya girgiza kai ya ce to su waɗannan mutane da me suke cin abinci? Na fara masa bayanin masu zuba jari da yadda ake tara jama'a tukuna kafin a fara karɓar kuɗi, ya ɗaga hannu ya ce ya gane, ɗanɗano ne, su ma suna yi a kasuwa. Wata biyun da na roƙa ya ce ɗaya zai bayar, ɗayan kuma ya tafi a tarar tayar mashin.

Na yi godiya zan tashi ya ce zauna Malam, ai an ce kai ne malaminsu. Ya miƙo min wata dankareriyar waya da ko rabin memorinta ba a taɓa ba, ya ce in zuba masa duka, har da na Chinan. Na zuba, wato da hannuna na ƙara wa kowane kamfani mutum ɗaya. Da na gama ya gyara zama ya ce yawwa, yanzu ka sa su rubuta sanarwa ga duk 'yan haya cewa daga sabuwar shekara akwai ƙari. Na ce Alhaji duka 'yan haya? Ya ce duka. Na lallaɓa na rubuta wa na farko cewa ya yi da taushi ya nuna ana iya sasantawa, Alhaji ya ce karanto, na karanto, ya ce a'a wannan ya cika kunya, tambayi na gaba mu ji. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a wayarsa ko ɗaya bai ce kaso ya ƙare ba tunda duk sabbin shiga ne ana marhabin da shi, har ya zaɓi wanda ya fi kowanne tsauri. Ya ce in duba sama da ƙasa da kyau kafin in tura. Na duba, na goge abin gogewa, na tura gurup ɗin 'yan haya, wayata ta yi ƙara a aljihuna.

Ban kai ƙofar gida ba maƙwabcina ya tare ni da waya a hannu yana huci, wai ka ga abin da tsohon nan ya turo, wallahi ba shi ya rubuta ba akwai munafukin da ke zuga shi, zo ka sa AI ɗinka ya rubuta masa amsa mai zafi. Na ce masa kasona na yau ya ƙare, ya dawo gobe.