Yadda na kai fanka Duwatsun Azbin

Wata uku cur na yi ina tsara tafiyar da zan yi da motata daga Kano zuwa Agadas da Duwatsun Azbin a ƙarshen Nuwamban 2018, har na sayi littafi mai warka tamanin don wannan aiki kaɗai. Na zaɓi lokacin ne bayan dogon nazari: kaka ta zo ƙarshe, ruwa ya ɗauke, ƙoramun da ke yanke hanya sun ƙafe, ita kuwa bazara da saura. A shafin farko na zana hanya da jan biro, daga Kazaure zuwa Daura, a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a bi ta Matamaye zuwa Damagaram, sannan Tanut da Adarbisanat har Agadas.

Akwai wani Buzu dattijo, mutumin Agadas, da ke gadi a layinmu, kuma shi ne mai ba ni shawara, ko da yake gaskiyar magana ita ce na fi yi masa bayanin ƙasarsu fiye da yadda na saurare shi. Ranar da na karanta masa jerin kayan da na tanada, wato jarkokin ruwa huɗu, safayar taya biyu, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, riguna marasa nauyi da fanka mai caji, sai ya gyara rawaninsa ya ce, "Malam, ka sa bargo biyu." Na yi murmushi irin na wanda ya yi karatun labarin ƙasa a sakandare, na ce masa, "Baba, hamada fa za ni." Bai ƙara cewa komai ba. Maiɗakina ta cusa bargo a but ɗin mota ba da sanina ba, ni kuma da asubar tafiya na zaro shi domin fanka ta sami wurin zama.

Lissafina ya fara rushewa ne a Damagaram, wurin mai shayi. Da na gama na tambayi kuɗi ya ce ɗari, na miƙa masa ƙwandalar sefa ɗari tare da godiya. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya dube ni, ya tambaye ni ko daga Najeriya nake. Ashe a can da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala kuwa sefa biyar ce, saboda haka ɗarin mai shayi sefa 500 ke nan. Duk farashin abinci da Baba maigadi ya faɗa mini da irin wannan ƙirgen ya faɗa, ni kuma na rubuta su yadda na ji, na ja layi biyu a ƙarƙashin jimilla, har na yaba wa maƙwabtanmu na Nijar a kan araha. Daga ranar garin kwaki ya tashi daga matsayin guzurin ko-ta-kwana ya zama abincin dare.

Kilomita fiye da 400 da ke tsakanin Damagaram da Agadas sun cinye safaya ɗaya da rabin haƙurina. Na dai isa, na ga hasumiyar babban masallacin da aka gina da laka tun wajajen 1515, mai tsawon mita 27, na ɗauki hoto. Direban da na nema ya yi mini jagora zuwa Timiya, wani gari a cikin Duwatsun Azbin, ya zagaya Corollata sau ɗaya, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce a bar ta a gidan yayansa ta huta, domin hanyar dutse ce da yashi. Haka na yi hayar Land Cruiser da kuɗin da na ware na tsaraba.

Dare ya riske mu kafin Timiya, muka yada zango a bakin wata busasshiyar ƙorama tsakanin baƙaƙen duwatsu. Rana na faɗuwa iska ta sauya hali. Kafin lisha na sa rigunana huɗu ɗaya a kan ɗaya, na ɗaura sallaya a wuya, na cusa hannuwa cikin safa, amma haƙorana ba su daina haɗuwa ba. Direban, wanda ya naɗe cikin rawani da bargo mai kauri, ya tausaya ya ba ni buhun da yake rufe kaya da shi, sannan ya jawo mangal zai dafa shayi.

Gawayin ya ƙi kamawa. Ya nemi takarda, na yage masa shafin lissafin abinci ba tare da wani jimami ba. Ya hura har ya gaji, sai idonsa ya kai kan fankata da ke leƙowa daga jaka, cajinta cike tun daga Kano. Ya kunna ta, ya saita ta a gindin mangal, nan take wuta ta tashi jawur. Ya jinjina kai ya ce, "Malam, kai kam ka iya shirin tafiya."