Gardamar masana kan namiji da mace, da jaririn da ke jiran suna

Duk lokacin da aka ɗauko zancen yadda ake rarrabe namiji da mace a Facebook, sai mutanenmu su ce shirmen Turawa ne. Ni ma na yarda jinsi biyu ne. Inda masana suka rabu shi ne: da wane ma'auni za a raba su?

Wasu sun ce a duba ƙwayar haihuwa. Jikin da aka tsara don yin maniyyi namiji ne, wanda aka tsara don yin ƙwai mace ce, babu na uku. Wannan ya fi kwanta mini, don yana aiki har a kan kaza, wadda ke ɗauke da kromosom (zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) ZW zakara kuma ZZ, har a kan kada, da zafin ramin ƙwai ke yanke masa jinsi. Wasu kuma sun tsaya kan kromosom, XX mace, XY namiji. To a 1990 aka gano SRY, ɗan guntun gado a jikin Y da ke tayar da halittar namiji. Idan bai yi aiki ba, ko jiki ya ƙi jin sinadarin maza, wato testosterone, sai a haifi yarinya sak, amma mai XY. Haka ya faru da María José Martínez-Patiño, 'yar tseren Sifen. Gwajin da aka yi mata a Kobe ta Japan a 1985 ya sa aka hana ta tsere, sai 1988 aka mayar mata da haƙƙinta.

Malamanmu na zaure a cikin Birnin Zariya ba su taɓa jin nauyin wannan karatu ba. Da mas'alar hunsa, wato mata-maza, littafin Mukhtasar na Khalil ya rufe: ta ina fitsari ke fita, gemu ne ya tsiro ko nono, haila ce ta zo ko maniyyi. In abu ya gagara, a ba shi rabin rabon namiji da rabin na mace a gado.

Ni damuwata jaririn da ungozoma ta duba ta yi shiru, don ba ta gane namiji ne ko mace ba. Gida ya rufe zance, ranar bakwai a yanka rago bisa kirdado. Alhali a cikin irin waɗannan jarirai akwai 'yan mata masu ciwon CAH, ciwon gado da ke sa al'aurar mace ta yi kama da ta namiji, kuma da yawansu jikinsu na zubar da gishiri. Kafin su cika wata guda amai da bushewar jiki na iya ɗauke su. Ga magani kuma akwai. Daga Tudun Wada ko Sabon Gari zuwa asibitin koyarwa na Shika ba wata tafiya ba ce, kuma da gwajin jini da hoton ciki ake farawa.