Robert Christgau Ba Shehin Jami'a Ne Aka Naɗa Ba

Da yawa in sun ji ana kiran Robert Christgau "shugaban masu sharhin kiɗan rock na Amurka", sai su ɗauka wata jami'a ce ta ba shi sarautar, domin kalmar Turancin, "Dean", muƙamin shugaban tsangaya ce a jami'a. Babu wanda ya naɗa shi. Shi ya laƙaba wa kansa cikin raha, sunan kuma ya bi shi.

Abin da ya sa ba a yi masa dariya ba, aikinsa ne. An haife shi a birnin New York a 1942. Daga 1969 ya fara rubutu a jaridar Village Voice, inda yake sauraron faifai ya taƙaita hukuncinsa cikin 'yan layuka, sannan ya ba shi maki kamar malamin da ke duba jarrabawa, daga A+ har zuwa E-. Mawaƙi ya kwashe shekara yana haɗa faifai, shi kuwa ya gama da shi a jimla uku!

Kuma ba rock kaɗai yake saurare ba. Ya daɗe yana yaba kiɗan Afirka, irin na Franco ɗan Kwango da Youssou N'Dour na Senegal. Jaridar ta sallame shi a 2006, ya ci gaba da rubutu a intanet.